Shekarun da Hadari Ya Yi Laushi

A layinsu ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Mai Keke ake ce mata, saboda keken ɗinkin da ta kafa a bakin tagar ɗakinta tun tana da goyo. Ba ta ɗinka sababbin kaya, ita gyara ce sana'arta: zif ɗin da ya ƙi ja, wandon da ya yi wa yaro tsawo, aljihun da ya ɓule, da rigar da mai ita ta yi ƙiba amma ta rantse rigar ce ta tsuke. Mai Keke ba ta musu da kowa. Sai ta ce, "Ai yadin zamani ke nan," ta farke gefe ta ƙara ƙyalle, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Mijinta mai walda ne, yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe a wata rumfa bakin titi. 'Ya'yansa ne suka laƙaba masa Hadari, a ɓoye mana, don in ya haɗo kowa sai ya kwashe shanyarsa. A faɗi gaskiya, bai taɓa ɗaga hannu ya doki matarsa ba, kuma bai taɓa barin gidan da yunwa ba. Amma bakin nan nasa, wayyo Allah! Ruwa ya yi sanyi faɗa, ya yi zafi faɗa. Bai taɓa kiranta da komai ba sai "Ke!" Abin da ya fi tsana a duniya kuwa shi ne ƙarar keken ɗinki. Mutumin da ke yini yana dukan ƙarfe da guduma, wai shi ne ƙarar keke ke sa wa ciwon kai.

Don haka Mai Keke ta koyi sauraron babur ɗinsa tun daga kwanar layi. Da ta jiyo shi sai ta ɗauke ƙafa daga kan keken, ko da kuwa tana tsakiyar ɗinki. Da tafiya ta yi tafiya ƙafar ma ta daina jiran umarni, ita da kanta take tsayawa. Yaran suka taso a haka, suna magana ƙasa-ƙasa da yamma. Manyan suna samun hanya suka fice, ba su waiwayo ba sai da dalili. Auta ce kaɗai ta rage kusa, ita ma tana ɗakin mijinta a bayan layin.

Salla kam yana yi, ba za a yi masa ƙazafi ba, sai dai irin ta a sauke nauyi: kafin ka ɗaura alwala ya sallame ya naɗe darduma. Ita kuwa Mai Keke, tun tana amarya addu'arta ɗaya ce a ƙarshen kowace salla: "Ya Allah Ka tausasa zuciyar bawan nan naKa." Ta roƙa da kuka, ta roƙa da fushi, har ta kai tana roƙo don bakinta ya saba kawai. Gashinta ya fara furfura tana kan roƙon.

Sai wata rana da la'asar tana cikin taka keke ta ji mutum tsaye a bayanta. Ashe man babur ne ya ƙare masa, ya turo shi da hannu, ba ta ji shigowarsa ba. Ƙafarta ta sandare, ta sunkuyar da kai tana jiran ruwan masifa.

"Ci gaba mana," in ji shi. "Ashe ƙarar ma da daɗi."

Ta ɗauka gatse ne. Ba gatse ba ne. Ya jawo kujera ya zauna yana kallonta har ta gama haɗa hannun rigar.

Daga nan abin ya yi ta zuwa a hankali. Ya daina tsawa. Ya fara riga kowa zuwa masallaci, in an idar kuma ya zauna shi kaɗai yana hawaye. Ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har wani ya tambaye shi ko mafarkin mutuwa ya yi. Ranar da ta bar tukunya a wuta abinci ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika gida, ya zauna ya cinye rabonsa ya ce Allah Ya yi albarka. "Ke!" ta ɓace, ya koma kiranta "Baiwar Allah". Idonta ya fara rauni, zura zare a allura na ba ta wahala, sai ya mai da wannan aikinsa. Kowace yamma zai zauna kusa da keken, ya lashi bakin zaren, ya zura mata, ya miƙa da murmushi.

"Baban yara, wai me ya same ka?" ta tambaye shi sau ɗaya.

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Ko'ina na juya sai in ji kamar ana dubana da rahama. In na yi sujada ba na son ɗagowa. Ashe haka mutane ke ji, ni ina can ina haushi?"

Ranar ta shiga ɗaki ta yi sujadar godiya ta yi kuka har ta gode Allah. An amsa mata. An daɗe, amma an amsa. Matan layi suka riƙa zuwa da tsofaffin zannuwa, wai gyara, alhali so suke su ji wace addu'a ta yi, su ma da nasu hadarin a gida. Manyan yaran suka fara kawo jikoki. Mai Keke ta yi ƙiba, ta koyi dariya da ƙarfi a cikin gidanta. Waɗannan su ne shekarun da ta fi jin daɗi a rayuwarta, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba.

Akwai abubuwan da ta gani ta kau da kai. Yakan tashi da ciwon kai da safe. A rumfa ƙofofin mutane sun taru ba a gama ba, masu su na zuwa suna zage-zage, shi kuwa yana zaune a kan benci yana yi musu murmushi. Ta ce ai wanda ya samu lahira duniya ba ta dame shi ba. Sai da yamma ɗaya ya ɗauki allura ya yi ta soka zaren a gefe, ya matsa bakin taga, ya sake, ya kasa. Ya ce, "Baiwar Allah, yau allurar taki ba ta da kafa." Bayan 'yan kwanaki ya yanke jiki ya faɗi a rumfa, aka kwashe shi sai asibiti.

Likitar ƙwaƙwalwa mace ce mai sanyin magana. Ta zaunar da Mai Keke da Auta a ofishinta, ta kunna musu hoton cikin kansa, ta nuna wani farin dunƙule a bayan goshi, ya kai girman ƙwan kaza.

"Ƙari ne, Mama. Ya daɗe yana girma a hankali. Ba irin mai yaɗuwa ba ne, ana iya cire shi. Ya jima ba ya jin wari ko ƙanshi, ko?"

Mai Keke ta tuna da ƙonannen abincin nan da ya cinye.

"Halinsa fa? Ya canza a 'yan shekarun nan?"

"Ya shiryu," in ji Mai Keke, da ɗan zafi. "Allah ne Ya shirye shi. Ni na roƙa."

Likitar ta gyaɗa kai, ba ta yi gardama ba. Ta ce wannan wurin na gaban ƙwaƙwalwa yana da hannu a fushin mutum da haƙurinsa da himmarsa, har da yadda abubuwa ke taɓa masa zuciya, kuma in wani abu ya danne shi hali kan juya. Wani ya zama mafaɗaci, wani ya yi laushi, wani ibada ta kama shi.

"To nufinki duk kukan da yake yi a sujada ciwo ne?"

"Ban ce haka ba, Mama. Na'urata ba ta ɗaukar hoton imani. Abin da na sani shi ne, in aka bar ƙarin nan zai makance, daga baya kuma ya tafi da ransa. In aka cire, ina sa ran zai rayu. Amma ba zan ɓoye miki ba, yana iya komawa yadda yake a da. Yana iya ƙin komawa. Ban sani ba."

A hanyar fita Auta ta riƙe hannun uwarta gam. Matar aure ce mai 'ya'ya, amma muryarta ta koma ta yarinyar nan da ke ɓuya bayan ƙofa in ta ji babur. "Inna, wallahi ina son Baba ya rayu," ta ce. "Amma ina jin tsoron wancan."

Shi kuwa da aka gaya masa, murmushi ya yi. Ya ce a bar shi haka, bai taɓa jin daɗin duniya irin na yanzu ba, in makanta ce ta zo bismilla. Likita ta yi magana, manyan 'ya'yansa suka yi, abokan aiki suka yi, duk a banza. Kowa ya juyo ya zuba wa Mai Keke ido, don kowa ya san yanzu ko wuta ta ce ya shiga zai shiga. Kalma ɗaya ake jira daga bakinta.

Ta je wurin limamin masallacinsu, dattijon da ya san Hadari a zamaninsa biyu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, na roƙi Allah Ya tausasa shi, Ya tausasa. Yanzu an ce ƙari ne. To addu'ata aka amsa, ko ciwo na yi ta yi wa godiya?"

Liman ya daɗe yana jan carbi. Ya ce Allah Yana aiko da alheri ta hanyar da Ya so, ko ta ciwo ce, kuma ba wanda ya isa ya ce hawayen bawan nan na banza ne. Ya kuma ce rai amana ne, wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, a je a nema. Duka biyun gaskiya ne, ta sani. Ta dawo gida da kayanta a ka yadda ta tafi da su.

Nan fa Mai Keke ta yi abin da ba ta taɓa zaton za ta iya ba: ta ja bakinta ta yi shiru. In Auta ta tambaya sai ta ce tana lallaɓa shi. Ƙarya take yi, ko sau ɗaya ba ta ɗauko maganar ba. Kullum sai ta ce gobe. Tana so ta ƙara yamma ɗaya da mutumin da ke zama kusa da kekenta, ko da yanzu ba ya iya zura zaren, sai dai ya riƙe mata bakin yadi. Tana jin kunyar kanta, tana kuma jin haushin duk mai ganin laifinta, don ba wanda ya zauna da Hadari a ɗaki ɗaya in ba ita ba. Wa ya san zafin da ta sha? Sai ta dubi idanunsa da suka fara dusashewa, haushin ya koma kanta.

Abin da ya karya ta ƙarami ne. Ta ajiye dutsen guga a ƙasa da zafinsa, shi kuma ya zo yana laluben bango zai ɗauki buta, ya dafa shi da tafin hannu. Fatar ta saluɓe. Bai ko yi tsaki ba. Ya ɗago hannun yana murmushi ya ce, "Ba komai, Baiwar Allah, laifina ne da ban gani ba." Tana shafa masa magani tana kuka, sai ta ji bakinta ya buɗe.

"Baban yara, ka yarda a yi aikin nan. Saboda ni."

"To," ya ce. Haka kawai, ko numfashi bai ja ba. Can kuma ya ƙara da cewa, "In na farka na koma wancan mutumin, ki yafe mini tun yanzu. Shi ba zai roƙe ki ba."

Aka yi aiki, aka dace. Ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba, sannan ya fara buɗe ido, ganinsa ya fara washewa. Mai Keke na zaune gefen gado tana ba shi ruwa a cokali, rannan sai ya ture hannunta.

"Ke! Ba ki da ido ne? Duk kin jiƙa ni."

Auta da ke tsaye ta juya ta fita daga ɗakin. Likita kuwa da ta zo zagaye murna ta yi, ta ce ƙarfinsa na dawowa. Ranar sallama ta ja Mai Keke gefe ta yi mata gargaɗi. Irin wannan ƙari yakan sake tsirowa. In ta ga ciwon kan safe ya dawo, ko gani ya ragu, ko halinsa ya sake juyawa, kada ta jira ranar da aka ba su ta komawa asibiti, ta kawo shi nan da nan. "Ke ce za ki fara gani, Mama," in ji ta. "Kin fi na'urata saninsa."

Suka koma gida. Ya koma rumfa ya gama ƙofofin mutane, ya kori wanda zai kora. Jikoki suka ɗauke ƙafa. Ƙafar Mai Keke ma ba ta manta karatunta ba, da ta jiyo babur a kwana sai ta tsaya cak. Matan layi suka daina tambayar addu'a, sai dai su ce "Ya mai jiki?" su karɓi kayansu su wuce.

Sai dai wannan Hadarin ba daidai yake da na farko ba, don wannan yana tune. Bai daina zuwa masallaci da wuri ba. Yakan zauna bayan an idar yadda ya saba, ya jira, ya jira, ya taso da busassun idanu ya dawo gida ya huce a kanta. Wata rana bayan azahar ta same shi zaune a kan darduma ya kifa kai a gwiwa.

"Ba kowa," ya ce, bai ɗago ba. "Astagfirullah. Da in na ɗaga hannu ina jin ana saurarona. Yanzu kamar mai ƙwanƙwasa gidan da aka tashi." Sai ya ɗago ya watsa mata jajayen idanu. "Ke kika ce saboda ke. To ga shi nan, kin samu. Kin ji daɗi?"

Ta cece shi, ta rasa shi, kuma da bakinta ta yi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne addu'arta. In ta sallame salla ta ɗaga hannu, tsohon roƙon nan sai ya taho bakinta da kansa, ta haɗiye shi da sauri. Ta roƙi a tausasa shi, alhali ta ga abin da ya tausasa shi wancan karon? Ta roƙi a bar shi da lafiyarsa, ta ƙare kwananta ƙafa a sandare? Sai ta shafa hannu a fuska ba ta roƙi komai ba.

Aka shekara a haka, har da ɗoriya.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ce, tana fama da baƙin zare da allurar keke. Ta lasa, ta soka, ya lanƙwashe, ta sake. Hankalinta duk yana can, ba ta ji babur ba. Sai ganin hannu ta yi ya sauko ta kafaɗarta, hannun nan mai tabon dutsen guga. Ya karɓi zaren. Ya sunkuya, muƙamuƙinsa a ɗaure, gumi na tsattsafo masa a goshi wajen tabon aikin da aka yi masa. Ya zura a karo na biyu.

"Ci gaba da ɗinkinki," ya ce. "Sannu da aiki."

Wani daɗi ya taso mata tun daga ƙafa har wuya, har ta buɗe baki za ta ce alhamdulillahi. Kafin kalmar ta fito maganar likita ta faɗo mata. Ta dubi idanunsa, ta dubi goshinsa.

"Baban yara... kanka na ciwo da safe?"

Ya gane. Ta ga lokacin da ya gane, don fuskarsa ta yi wani iri.

"Tun safe nake juya kalmar nan a bakina a rumfa," ya ce a hankali. "Sannu da aiki. Wallahi ɗaga ƙofar ƙarfe ni kaɗai ya fi mini sauƙi. Na ce tunda an daina ba ni kyauta, bari in gwada yi da ƙarfina. Yanzu ni ko alheri ba zan yi ba sai an ce ciwo ne?"

Tana so ta yarda da shi. Ba abin da take so a duniya kamar ta yarda. Amma wancan karon ma ta yarda, har ya kusa makancewa a gabanta tana godiya.

"Mu je gobe likita ta duba," ta ce. "Don hankalina ya kwanta."

Ta sunkuyar da kai tana jira. A karo na farko a rayuwarta tana roƙon Allah a zuci ya daka mata tsawa, ya ce ita wace ce da za ta ja shi asibiti, ya shuri kujera, ya kira ta "Ke!" In ya yi haka lafiyarsa ƙalau, ta san inda take. Ta riƙe gefen keken da hannu biyu tana jiran hadari ya zuba.

Ya daɗe a tsaye a bayanta. Sannan ya jawo kujerar nan ya zauna, ya kama mata bakin yadin.

"To," ya ce.